Bokitin Motar Haƙa Na Girgiɗi: A Nemo Ciwon Kafin a Ɗauki Guduma

 

Sharhinmu na yau na masu aiki da ƙarfe ne. Direbobin motar haƙa, da masu motar, da makanikai, da masu walda, har da yaran da ke koyon sana'ar. Amma kai ma da kake zaune a gida, kada ka murɗa rediyonka. Wata rana za ka yi hayar motar nan ta haƙa maka tushen gida, ko ramin kiwon kifi, ko magudanar ruwa ta unguwa. Ran nan za ka so a ce ka san abin da za ka duba.

Motar da nake nufi ita ce ƙaramar eskabeta. Ba ƙatuwar nan ta kamfanonin gina hanya ba. Ƙaramar, mai shiga lungu, wadda nauyinta ke farawa daga wajen tan 1 ya tsaya wajen tan 6. Asalinta daga Japan ne, ƙasar da tituna ke da matsi, filin gini kuma ba yalwa. Kamfanin Yanmar ya fito da tasa a 1968. Kamfanin Takeuchi ya biyo baya a 1971 da wadda ke iya juyawa ta kowace fuska tana tsaye wuri ɗaya. Yau ga Kubota, ga Komatsu, ga Bobcat, ga JCB, ga Caterpillar. Da yawa daga cikin waɗanda ke iso mana kuwa na hannu ne. Sun yi shekaru suna haƙa a wata ƙasa kafin su hau jirgin ruwa. Da gajiyarsu suke zuwa.

To, wace gajiya ce ke fara bayyana? Ta bokiti. Tun daga nesa kunne ke jin ta. Direba ya ɗaga hannun motar, ka ji ƙwaram. Ya sauke, ka ji ƙwaram. Ya tsayar da hannun cak, amma bokitin sai ya ɗan yi rawa kafin ya nutsu. Sai ka ji direba na ce wa mai mota, "Oga, bokitin nan fa yana wasa." Oga kuma ya ce, "Lallaɓa shi mu gama wannan aikin." Aikin ya ƙare, wani ya shigo, lallaɓawa ta ci gaba.

Ga maganar da nake so ku riƙe, domin zan yi ta maimaita ta. Fin da bushin an yi su ne domin su cinye. Kunnen bokiti da hannun mota ba a yi su domin su cinye ba. Saboda haka a nemo inda wasan yake, a canza ƙananan tun cin bai kai ga manyan ba.

Bari mu fara da yadda abin yake a haɗe, don wanda bai taɓa leƙawa ba ya gane.

A bayan bokiti akwai faranti biyu na ƙarfe masu kauri a tsaye. Su ne kunnuwan bokiti. Kowane kunne na da rami biyu. Ƙarshen hannun motar yana shiga tsakanin kunnuwan nan, sai a zura sandar ƙarfe ta ratsa kunnen farko, ta ratsa hannun, ta fita ta kunne na biyu. Wannan sanda ita ce fin. Akwai fin na biyu a kusa da shi, wanda ke haɗa bokitin da ƙarfen da silinda ke turawa idan za a naɗe bokiti ko a buɗe shi. A kan fin biyun nan duk ƙarfin motar ke taruwa. Duk ƙasar da aka yanka, duk dutsen da aka ɓamɓaro, ta kansu nauyin ke bi.

A cikin ramin hannun motar an cusa wani zoben ƙarfe mai tauri, shi ne bushin. A yawancin ƙananan motocin nan, ana kulle fin a jikin kunnen bokiti da ɗan bolti, don ya riƙa juyawa tare da bokitin. Gogayyar duka a cikin bushin ake so ta faru, inda giris yake. A bakin bushin kuma akwai roba mai tare ƙura. Wato mai ƙera motar ya riga ya zaɓi wanda zai sha wahala. Ya zaɓi fin da bushin, domin su ne masu araha, su ne kuma masu sauƙin cirewa.

Yanzu sai mu tambaya, me ke cinye su?

Na farko ƙasa ce. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfe na gama-gari tauri. Idan robar da ke tare ƙura ta yage, yashi ya samu hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yashin nan ya shiga ya cakuɗe da giris, ya zama abin gurza. Duk naɗewar bokiti, gurza ce. A wuni ɗaya kuwa bokiti na naɗewa ya buɗe sau ɗaruruwa. Ga ƙurar hunturu, ga taɓon damina, ga jar ƙasa mai tsakuwa. A ƙasashenmu babu watan da fin ke hutawa.

Na biyu rashin giris. Wannan zan dawo kansa, domin a nan yawancin laifin yake.

Na uku kuwa hannun direba. Akwai direban da ke mai da bokiti guduma, ya riƙa dukan dutse ko kankare da shi. Akwai mai share tarin ƙasa da gefen bokiti, yana juya motar da ƙarfi. Bokiti an yi shi ne ya ja ƙasa zuwa gaban motar. Ƙarfin da ya zo masa ta gefe, kunnuwa da fin ne ke ɗaukarsa, kuma ba a shirya su da wannan ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Motar ai tana haƙa. Gaskiya ne, tana haƙa. Fartanyar da ƙotarta ta yi lako-lako ita ma tana noma, amma manomi ya san kullum ramin ƙotar ƙara faɗi yake yi. Haka abin yake a nan. Da zarar sarari ya samu tsakanin fin da bushin, gogayya ta koma duka. Duka kuma ya fi gogayya saurin cin ƙarfe. Wasan da ya ɗauki shekaru kafin ya fara, cikin 'yan watanni sai ya ninka.

Sannan ku lura da wani abu. Tazarar da ke tsakanin fin da haƙoran bokiti tana da tsawo. Sararin da bai wuce milimita 1 ba a wurin fin, kafin ya isa bakin haƙori ya ninka sau da yawa. A haɗa da wasan sauran gaɓoɓin hannun, sai ka ga bakin bokiti na lilo. Direba ba zai iya daidaita gindin rami ba. Magudanar da ake so ta gangara daidai sai ta fito da tudu da kwari, ruwa ya riƙa kwanciya. Idan kuma ana haƙa kusa da bututun ruwa ko wayar lantarki da aka binne, ɗan lilon nan ya isa ya jawo asara.

Mafi muni shi ne fin ya karye, ko ya zame ya fita, alhali akwai lebura a cikin rami. Bokitin ƙaramar mota ma ya fi ƙarfin kan mutum. Allah ya kiyaye.

To, masu sauraro, mun ji ciwon. Yanzu mu shiga bincike, kuma a nan nake roƙon makanikai su ba ni kunnuwansu.

Wasan bokiti iri biyu ne, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Akwai wasan gefe, inda bokitin ke zamewa dama da hagu a kan fin. Akwai kuma wasan ciki, inda fin ke motsi sama da ƙasa a cikin raminsa. Gane bambancin ba ya buƙatar wani injin. A ajiye bokiti a ƙasa mai tauri. Direba ya ɗan danna hannun ƙasa a hankali, ya ɗan ɗaga a hankali. Makanike ya tsaya a gefe, inda direba ke ganinsa, ya zuba wa gaɓar ido. Wane ƙarfe ne ke motsi kafin ɗan'uwansa ya bi shi? Idan hannun motar ne ke motsi a kan fin, ciwon na tsakanin fin da bushin. Idan kan fin ɗin ne da kansa ke rawa a cikin kunnen bokiti, to cin ya riga ya kai ga kunne. Bayan haka a ɗan ɗaga bokitin, a kashe mota, a tura shi gefe da gefe da sandar ƙarfe, a ga iyakar zamewarsa.

Na sake faɗa. A nemo inda wasan yake kafin a ɗauki guduma.

Mu fara da mai sauƙin. Idan wasan gefe ne kawai, maganinsa siraran washa na ƙarfe, masu rami daidai kaurin fin. Ana zura su tsakanin kunnen bokiti da hannun motar su cike sararin. Ba a cikewa tamau. Ana barin ɗan sarari da bai kai milimita 1 ba, don bokiti ya juya ba tare da ya cije ba. Aikin bai fi na ɗan lokaci ba, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Amma ku ji da kyau. Washa ba ta maganin wasan ciki. Akwai masu cusa washa don ƙarar ta ragu, musamman idan za a sayar da mota. Ƙara ta ragu, ciwo na nan. Mai sayen mota ta hannu, idan ka ga sababbin washa na ƙyalli a jikin tsohon bokiti, ka sa a zare fin ka gani da idonka.

Yanzu mu zo kan babban aikin, wato canza fin da bushin.

Kafin komai, tsaro. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ba gangara ba. Bokiti ya zauna daram a ƙasa, a tokare shi da katako don kada ya mirgina idan fin ya fita. A kashe inji. A sauke matsin man da ya rage a cikin bututu kamar yadda littafin motar ya nuna. Mai duka ya sa tabarau, wanda ke riƙe masa ma ya sa. Ƙarfe mai tauri idan ya sha guduma yana iya ɓallo ɗan tsinke, tsinken nan kuma ido yake nema. Ga kuma doka ɗaya da nake so kowane oga ya koya wa yaronsa tun ranar farko. Ba a sa yatsa cikin ramin fin don a ji ko ramuka sun daidaita. Har abada ba a yi. Hannun motar ya ɗan sauka kaɗan, yatsa ya tafi. Da ido ake dubawa, da sandar ƙarfe mai tsini ake daidaitawa.

A cire boltin da ke kulle fin. A samu sandar ƙarfe da ba ta kai fin kauri ba, a ɗora a kansa, a buga ta. Idan fin ya ƙi fita, sau da yawa nauyin hannun ne ke danne shi. A tayar da inji a ɗan motsa hannun har nauyin ya sauka, a sake kashe shi, sai ka ga fin ya zame da duka kaɗan.

Fin ya fito. A goge shi tas, a duba. Sabon fin santsi gare shi daga kai har gindi. Tsohon da ya ci za ka ga ya yi ƙugu a inda bushin ke zama. Ka ja farcenka a kai, za ka ji ya faɗa ya hau. Wani ma ya yi zane-zane, wani ya yi shuɗi saboda zafin da ya sha ba giris. A mirgina shi a kan shafaffen wuri, idan ya lanƙwashe zai nuna. Sannan a ɗauki ma'aunin kaurin ƙarfe a auna inda ya ci da inda bai ci ba. A auna ramin bushin. A auna ramin kunne ta tsaye, a sake aunawa ta kwance. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, ramin ya bar da'ira, ya koma siffar ƙwai.

A nan ne mutane da yawa ke yin tsimin da ba tsimi ba. Sai a sayi sabon fin a bar tsohon bushin. Dalili kuwa, fin na fita da sauƙi, bushin kuma sai an sha wuya. Amma tsohon bushin ya riga ya ci ta gefe ɗaya. Sabon fin zai zauna a kan ɗan wuri kaɗan, duk nauyin ya taru a nan, ya cinye shi da wuri. A ganina, wanda zai canza fin ya bar bushin, gara ya riƙe kuɗinsa har ya samu na biyun. Tare suka tsufa, tare ake sallamarsu.

Yaya ake fitar da bushin? Matse shi aka yi a cikin ramin, don haka ba ya fita da lallashi. Inda akwai injin matsi, shi ne ya fi. Inda babu, ƙwararrun masu walda na da dabara mai kyau. Ana zagaya cikin bushin ɗin da layin walda, a bar shi ya huce. Walda idan tana hucewa tsukewa take yi, sai ta jawo bushin ya tsuke tare da ita. Da ɗan duka kaɗan sai ya faɗo. Sharaɗin shi ne hannun mai waldar ya tsaya a kan bushin, kada ya taɓa jikin ramin hannun. Masu yanka bushin da wutar gas kuwa, su sani kuskure ɗaya ya isa ya ɓata ramin da ya fi bushin tsada nesa ba kusa ba.

Tunda mun ambaci walda, ga gargaɗi. Kafin a kunna injin walda a jikin motar, a cire kan batir. Wayar nan da ake maƙalawa a jikin ƙarfe kuma, a maƙala ta dab da inda ake aiki. Idan aka maƙala ta can nesa, wutar za ta bi ta cikin wasu gaɓoɓin da silinda, ta bar musu tabo. Sandar silinda mai ƙyalli kuma a rufe ta da jiƙaƙƙen buhu ko fata. Tartsatsi ɗaya ya manne mata, zai riƙa yaga roba, mai ya fara yoyo.

Saka sabon bushin shi ma da dabararsa. A wanke ramin, a goge tsatsa. Ƙarfe na tsukewa da sanyi, yana buɗewa da zafi. Don haka ana kwanar da sabon bushin a cikin firiza. Wanda ba shi da tabbacin wuta a gida, ya roƙi alfarma wurin masu ƙanƙara. Ramin kuma a ɗan ɗumama shi, ɗumi kawai, ba sai ya yi ja ba. Sai a ɗauko bushin da sauri a saita shi. Idan yana da hudar giris, a tabbata ta fuskanci hanyar giris ɗin. A jawo shi ciki da dogon bolti mai zare, da faranti a kowane gefe, ana ɗaure noti a hankali. Ba a dukan fuskar bushin da guduma kai tsaye. Taurinsa ne ke sa shi tsagewa. Bayan ya zauna a sa sabuwar roba, leɓenta na kallon waje, yadda tsohon giris zai samu hanyar fita, ƙura kuma ta rasa hanyar shiga.

A shafa wa fin giris a zura. A mayar da boltin kullewa. Ɗan boltin nan kada a raina shi, kada a musanya shi da ƙusa ko guntun waya. Ranar da ya faɗi, fin zai fara juyawa a cikin kunne, inda babu bushin kuma babu giris. Daga nan kunne ke fara ci.

Wannan ya kawo mu mataki na uku, mai tsada. Kunne ya ci, ko ramin hannun da kansa ya buɗe har sabon bushin na shiga ba matsi.

A nan sabon fin ba zai yi komai ba. Ramin ne za a mayar da'ira. Hanyar da ta fi inganci ita ce a cike ramin da walda, sannan a ɗaura injin rarake mai doguwar sanda wadda ke ratsa kunnuwan biyu lokaci ɗaya. Ta haka ramukan ke fitowa a kan layi guda, daidai awon asali. Ga ƙaramin bokiti akwai wata hanyar. A yanke tsohon zoben da ke jikin kunnen, a sa mai injin tana ya fere sabo, a walde shi. Amma kafin a ɗiga walda, a zura fin ko miƙaƙƙiyar sanda ta ratsa zobban biyu, ta riƙe su a layi. A riƙa walda kaɗan a nan, kaɗan a can, domin zafi na jan ƙarfe. A yi amfani da busasshiyar sandar walda irin 7018. A bar aikin ya huce da kansa, kada a watsa masa ruwa. Idan ramuka suka saɓa layi ko da kaɗan ne, fin zai shiga da ƙyar, kuma zai riƙa cin bushin ta gefe ɗaya tun ranar farko.

Akwai kuma wani irin fin da aka ƙirƙiro a ƙasar Suwidin, mai suna Expander. Kawunansa biyu na da hannun riga da ke buɗewa idan an ɗaure bolti, su cike ramin da ya ɗan ci. Yana rage wahalar walda. Amma yana da tsada, yana buƙatar a sake ɗaure shi bayan ya fara aiki, kuma idan rami ya yi mummunan ci, shi ma ba zai iya ba.

Yanzu bari in taɓo gyaran gangar auzinawa, wanda ake yi a ƙara ɓatawa. Wani zai walde kan fin a jikin kunne, ya ce ya huta. Ya huta yau. Ranar da za a canza bokiti ko bushin, sai an yanka, an gurza, kunnen ya ƙara lalacewa. Wani zai lafta wa tsohon fin walda, ya gurje shi da hannu. Ba zai fito da'ira ba, kuma gurjin da ya bari zai riƙa cin sabon bushin. Wani kuma zai yanko kowane irin ƙarfe da ya tsinta, in dai kaurin ya yi kusa. Ƙarfe mai laushi lanƙwashewa yake yi. Wanda ya yi tauri har cikinsa kuma karyewa yake yi farat ɗaya. Fin na gaskiya bayansa ne ke da tauri, cikinsa na da juriya. Ana yin sa da ƙarfe mai ƙarfi irin wanda ake kira 4140, sannan a gasa bayansa.

Na san abin da wasunku ke cewa yanzu. Malam, kai kana cikin ɗakin watsa labarai. Mu muna daji, aiki ya tsaya, mai kwangila na kira, kayan asali kuma sai an yi oda. Wannan magana ce mai hujja, ban raina ta ba. Kuma ban ce a guji masu tana ba. A Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da kasuwar Katako ta Yamai, akwai masu hannun da za su fere maka fin daidai awo. Abin da nake cewa shi ne ka je musu da awo na gaskiya, ba tsohon fin da ya riga ya ci ba. Ka tambayi irin ƙarfen. Ka kuma san cewa fin da ba a gasa bayansa ba na wucin gadi ne. Ya fitar da kai daga daji, amma ka riƙa duba shi, ka kuma yi odar na ainihi. Fin mai ɗan laushi da ya ci kansa ya bar kunne lafiya, ya fi waldar da za ta kashe kunnen.

To, mun dawo kan giris, kamar yadda na yi alkawari.

Duk gyaran da muka lissafa, giris ne ke tsawaita kwanansa. Fin ɗin bokiti shi ya fi kowace gaɓa kusa da ƙasa, don haka kullum ake ba shi, duk ranar aiki. Idan an yi aiki cikin ruwa ko taɓo, a sake ba shi bayan an tashi, don ya koro ruwan da ya shiga. A goge bakin da ake ɗura giris ɗin kafin a ɗora famfo, in ba haka ba da hannunka za ka tura yashi ciki. A yi ta bugawa har sai sabon giris ya ɓullo ta gefe, ya turo tsohon baƙin. Idan giris ya ƙi shiga, kada a ce ai ya cika. Toshewa ya yi. A cire bakin a wanke, ko a sa sabo, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Giris mai ruwan toka da ake kira moli ya fi dacewa da irin wannan gaɓa mai ɗaukar nauyi. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa ba giris ba ne, tsiyayewa zai yi.

Ku je wurin aiki ku dubi gwangwanin giris. Sau da yawa za ku same shi a buɗe a gindin mota, murfin ya ɓata, iska ta yayyafa masa yashi, ga ɗan kara a tsaye a ciki. Daga nan yaro zai kwaso ya ɗura a famfo. An ba fin giris, an kuma ba shi abin da zai cinye shi a lokaci guda. A rufe gwangwani, jama'a.

Laifin wa ne idan ba a ba da giris ba? Mai mota zai ce direba ne malalaci. Direba zai ce oga bai saya ba. Ni dai a nawa ganin, nauyin ya fi karkata kan mai mota. Shi ke karɓar kuɗin haya. Idan ya ba da mota ba famfon giris mai aiki, ko ya matsa wa direba ya fara haƙa tun kafin ya zagaya motar, to shi ya zaɓi gyara mai tsada. Direba kuma hakkinsa ne ya faɗa da wuri, ya kuma sake faɗa, ko da ogan ba ya son ji.

Masu sauraro, ga maganar tamu a dunƙule kamar yadda muka faro ta. Fin da bushin an yi su ne domin su cinye, kunne da hannu ba a yi su domin haka ba. A nemo inda wasan yake, a canza ƙananan tun cin bai kai ga manyan ba.

Direba, gobe da safe kafin ka fara haƙa, ajiye bokiti a ƙasa, ka sa wani ya duba maka gaɓar nan. Mai mota, idan direbanka ya ce bokiti na wasa, ka sa a auna a makon nan, kada ka jira ƙarshen kwangila. Makanike, ka hana yaronka sa yatsa a rami. Kai kuma mai hayar mota, idan ka ji ƙwaram-ƙwaram ta yi yawa, kada ka bar kowa ya tsaya cikin rami a ƙarƙashin bokitin.

Sai mun sake saduwa a wani shirin. Allah ya tsare mu a wuraren neman halalinmu. Ku huta lafiya.